Awon da Kawu Kiyari bai taɓa yarda da shi ba

Shekara uku ke nan da rasuwar kawuna, Malam Kiyari. Ba yabo na zo yi ba, masu yabo sun gama tun ranar sadakar bakwai. Akwai maganar da na riƙe, kuma tsoro ya hana ni ci gaba da riƙonta.

Kawu ne mai kula da ɗakin ajiye allurar rigakafi na wani aikin taimako a nan Gure. Da na bar koleji sai ya jawo ni wurinsa. Firigo biyu ne a ɗakin: babba na allurai, da ƙarami da ma'aikata ke sa ruwan sha. Kowanne da wayar awon sanyi a cikinsa, mai ɗan kan ƙarfe, ta tafi har jikin kwamfuta. A allo ba a rubuta babba ko ƙarami, lamba ɗaya da lamba biyu kawai ake gani. Matsalar ita ce, duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutar na raba lambobin yadda ta ga dama. Wayar da ta fara amsawa ita ce ɗaya. Ɗayan jiya yana iya zama biyun yau.

Saboda haka in wuta ta dawo, Kawu zai zaro wayar babban firigo, ya damƙe kanta a tafin hannu, ya zuba wa allo ido har ya ga lambar da ɗumin hannunsa ya sa ta hau, ya san ita ce ta babban. Ni kuwa haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Kawu, na'urar Turawa ce fa, ba akuya ba da za a dinga shafa ta." Ya ce, "Zara, akuya ma ta san sunanta. Wannan ba ta sani ba."

Ya rasu da bazara, ciwon kwana huɗu. Aka bar mini ɗakin.

Sati biyu bayan haka wuta ta ɗauke, ta dawo. Ina sauri, na leƙa allo, na ga lamba ɗaya na nan da sanyinta, na ɗauka ita ce ta babban, na rubuta, na fita. Kullum da rana lamba biyu takan hau, da safe ta sauka. Na ce ai na ruwan sha ne, ana ta buɗe shi. Kwana tara ina faɗa wa kaina haka. A cikin kwanakin aka cika akwati da allurar ƙyanda, aka kai wasu rugage na Bune. Rana ta goma, ban san abin da ya taɓa ni ba, na damƙe wayar babban firigo. Biyu ce ta hau. Ashe duk kwanakin nan firigon allurai ne ke ɗumama.

Na gaya wa shugabanmu, aka zubar da sauran. Ta akwatin kuwa an riga an yi wa yara. Ya ce ƙila ba ta lalace ba. Ƙila! Allurar da zafi ya kashe ba ta canza launi, ba ta wari. Yaro zai yi kuka, a buga wa uwarsa hatimi a kati, ta koma hankali kwance. An ce sauri ya haifi nawa. Ni ban san abin da nawa saurin ya haifa ba, kuma rashin sanin ne ke cina. Duk bazara, in na ji an ce ƙyanda ta ɓulla, sai na tambayi wane gari kafin na tambayi lafiyar kowa.

Bana an kawo sabuwar kwamfuta. Ita har suna take rubutawa, babba da ƙarami, kowa na murna. Na gwada ta bayan ɗaukewar wuta: sunayen a kan lambobin nan aka ɗora su, suna musanya kamar da. Me Kawu zai ce? Ina jin zai ce ta dā ta fi gaskiya, don ba ta taɓa cewa ta san wani abu ba. Wata mai zuwa zan tafi hutun haihuwa, wanda zai riƙe mini ɗakin kuma dariya ya yi da na nuna masa gwajin Kawu. Irin dariyata ce sak.

Kawu bai bar littafi ba, bai bar gida ba. Haƙurinsa ma ban gada ba. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne rashin yarda da suna sai an gwada, kuma a makare na karɓe shi.

Matan rugagen Bune ba sa karanta jarida, ku kuna karantawa. In kuna da ƴar'uwa can wadda aka yi wa ɗanta allurar ƙyanda a bazarar shekara uku da suka wuce, ku ce ta kawo shi a sake. In ta tambayi laifin wa, ku ce na Zara ne, ba na Kiyari ba. Allah ya jiƙansa, ya sa yaran nan duk suna raye.