Sunan da Ban Karanta Ba

Akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina da har yau ba ta bar raina ba. Na shigo situdiyo da sha biyu da rabi, sai idona ya faɗa kan wata ambulan a teburina, gefenta ya jiƙe, da hatimin hukuma a bayanta. Shekarata ta uku ke nan a ɗan gidan rediyonmu na Magariya. Ni ke karanta labaran ƙarfe ɗaya, ni kuma ke da filin gaishe-gaishe.

Komunike ce a ciki, wato sanarwar hukuma. Wani matashin soja ya tsaya shi kaɗai a bakin daga, can yamma, yana mai da wuta har aka kwashe abokansa da suka ji rauni, a nan ya cika. Gobe da hantsi za a karrama shi da lambar yabo a garinsu. Da na kai kan sunan sai na sake karanta shi. Kaporal Lawali.

Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa na sani. Duk ranar da ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya bugo filina: "Anti Ramatu, a gaida mini matata Saratu a ƙauyenmu na Mallawa, a ce ta rage yaji a miya kafin in zo." Ni da na tashi da littattafan soyayya ƙarƙashin matashin kai, tuni na zana su a raina, shi dogo cikin kaki, ita tana murmushi a gefen turmi. Na san tana da ciki. Na kuma san ba ta kashe rediyonta da rana.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku sani dokoki biyu gare mu a lokacin. Ba a karanta sanarwar rasuwa sai dangi sun kawo ta da hannunsu. Komuniken hukuma kuwa a kan lokacinta ake karanta ta, ba a rage ko harafi. Ranar nan suka haɗu a takarda ɗaya.

Na je biron shugabanmu, wato ofishinsa. "Direktar, an faɗa wa gidansu?"

"Tawaga ta fita tun da safe."

"Sun isa?"

Ya buga, wayar ba ta shiga ba. An kwana ana ruwa, mai yiwuwa kwari ya cika ya tare su. Ya dubi agogo. "Madam Ramatu, an rubuta ƙarfe ɗaya. Gobe ne taron, dole mutane su ji. Ni ma akwai na sama da ni."

Da jar fitilar situdiyo ta kunna, na matsa kusa da mikro, abin maganarmu. Abin da nake gani kawai shi ne Saratu ita kaɗai a tsakar gida, kowa ya tafi gona, muryata tana jefa mata sunan mijinta. Na karanta jarumtarsa duka. Da na zo layin sunan sai na ce, "Za mu kawo sunansa bayan la'asar."

Na ɗauka dabara na yi. Kafin a sauke fitila waya ta fara kuka. Wata tsohuwa daga Dantchiao tana tambaya ko ɗanta ne. Wani uba daga bakin kasuwa, muryarsa ba ta fita sosai. Don in kare gida ɗaya na jefa tsoro a duk gidan da ke da soja. Kowa sai in tambayi sunan nasa, in ce ba shi ba ne, in ji ajiyar zuciya. Direktar na tsaye a ƙofa yana kallona.

Can sai wata siririyar murya. "Anti Ramatu, Saratu ce, matar Lawali. Kwana shida bai bugo ba. Ba nawa ba ne, ko?"

A duk littattafan da na karanta babu inda aka koya mini amsar wannan.

"Saratu, wa ke tare da ke?"

"Ni kaɗai ce. Su Baba suna gona."

"Akwai maƙwabciya kusa?"

"Inna Hajo."

"Tafi wurinta yanzu, kar ki kashe wayar."

Ba ta tambaye ni dalili ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ina jin takunta, ina jin numfashinta. Da Inna Hajo ta karɓi wayar, na roƙe ta ta zaunar da Saratu, ta aika a kira surukinta daga gona. Muna haka na jiyo ƙarar mota da sallamar maza, sai wayar ta katse.

Bayan la'asar na karanta komuniken daga farko, da sunan. Washegari aka ɗora lambar a kan tuta, mahaifin Lawali ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa takardar gargaɗi na karɓa, kuma na cancance ta. Amma daga makon Direktar ya ƙara doka: komunike irin wannan, ko dai a karanta ta duka bayan an tabbata gida sun ji, ko a riƙe ta duka. Kafin ku buɗe mikro, ku tuna akwai mai sauraron ku ita kaɗai.

Bayan shekara biyar wata mata ta sallama a ƙofar situdiyo, na gane ta da murya. Gajera ce, ba kamar yadda na zana ta ba. Namiji ta haifa, an mai da masa sunan ubansa, ta kuma sake aure. Ta ce, "Anti, tun da kika ce wa ke tare da ke na sani. Amma da aka faɗa, a jikin Inna Hajo nake."

Inna Hajo ta rasu. Yanzu a ƙauyensu, idan za a kai wa mace labarin rasuwa, maza sukan tsaya a zaure, sai Saratu ta fara shiga ta zauna kusa da ita.