Agogon Baba Mai Gaba Da Awa Biyu

Shekarun baya, da mahaifina ya rasu aka zo rabon ɗan abin da ya bari, mahaifiyata ta ce ita agogonsa kawai take so. Tsohon agogo ne da ya zo da shi daga aikin hajji tun ina saurayi, irin mai lambobi, ba mai hannu ba. Baƙi ne, da maɓallai huɗu a gefe da 'yar taswirar duniya a sama. In ka danna ɗaya sai ya riƙa tsallaka garuruwa, Landan, Faris, Jidda, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Illela dai ba ta ciki, Sakkwato ma haka. Duk awa yana yin 'yar ƙara, ƙit-ƙit. Kuma tun da na san shi gaba yake da awa biyu. Mu 'ya'ya mun ɗauka tsoho bai iya danne-dannen ba ne, kuma shi ba mutumin da ake yi wa gyara ba ne, sai muka ja bakinmu.

Inna ta rataye shi a ƙusa kusa da gadonta. Ƙarar nan ita ke ɗebe mata kewa. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar ta yi tagumi.

"Ya yi shiru," ta ce. "Tun jiya bai yi magana ba."

Na ce, "Batir ne kawai Inna, yanzu zan dawo miki da shi."

Wannan "yanzu" ita ce ta ja mini wahala.

Ni ɗan kabu-kabu ne, ban san komai kan agogo ba. Na kai wa wani abokina mai gyaran waya a bakin kasuwa. Na tambaye shi ko zai iya, ya harare ni.

"Ni da ke buɗe waya mai kamara uku, agogo mi ne ne?"

Ya kwance bayan. Wani siririn zoben roba ya biyo murfin, ya ɗaga shi ya duba, ya ce dattin shekara da shekaru ne, ya wurgar a kwata. Ya sa sabon batir, lambobi suka fito. Na ɗaura a hannu ina ta murna kamar ni na ƙera shi. A hanya aka kira la'asar, na tsaya na yi alwala da shi a hannuna, yadda na sha ganin Baba yana yi. Kafin in kai ƙofar gida gilashin ya yi hazo. Kafin in kafe mashin lambobin sun ɓace.

Na kai kuka majalisarmu, kuskure na biyu ke nan. Kowa ya zama injiniya. Wani ya ce in binne shi a buhun shinkafa. Wani ya ce gero ya fi. Abokina da ya jawo abin, ko kunya babu, ya ce rana ce maganinsa. Na bi tasa kuma! Na shanya agogon a kan kujerar mashin da tsakar rana, ranar Illela da ke gasa ƙafa ta cikin takalmi. Da na dawo, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. In na shiga gaishe ta sai ta amsa, ta dubi ƙusar nan, ta dube ni. Shi ke nan. Abinci ma ta rage ci.

Wani Bafulatani da na ɗauko daga kara, kasuwar shanu, shi ya ba ni labarin wani dattijo a Konni mai gyaran agogo. Na tsallaka iyaka na same shi da ɗan teburinsa a ƙarƙashin bishiya, gilashi manne a ido. Ya buɗe, ya yi salati.

"Ɗana, wa ya yi ma agogon ga wagga aika-aika? Ina zoben roba?"

"An ce datti ne, Baba."

"Datti? Shi ka hana ruwa shiga! Kuma wa ya ce a gasa shi?"

Na kau da kai kamar ba da ni ake ba. Ya ce baƙin fuskar zai washe tunda ya huce, amma ruwa ya fara cin ciki, sai ya goge, kuma sai ya samo zobe daga wani mataccen agogo irinsa. Dawo jibi. Na dawo, dawo ran kasuwa. Na yi ta zirga-zirga ba fasinja ba kaya, har masu tsaron iyaka suka fara tambayata ko aure nake nema a Konni.

A ƙarshe dai agogon ya tashi. Dattijon ya tambaye ni lokacin da zai sa, ya ce tunda babu Najeriya a ciki, Faris ake zaɓa, lokacinmu ɗaya in ba a kunna ƙarin awa ɗaya da suke yi da bazara ba. Na ce ya sa daidai, yau dai agogon nan zai faɗi gaskiya.

Na miƙa wa Inna ina jiran a sa mini albarka. Ta karɓa da hannu biyu, ta kawo shi kusa da ido, fuskarta ta canza.

"Wanga ba lokacin Malam ba ne."

"Inna, shi ne daidai. Da can gaba yake."

"Daidai da ina?" ta ce. "Lokacin Illela rana na gaya mani, ladan na gaya mani, mi zan yi da agogo? Tun da ubanka ya dawo bai taɓa sauke shi daga lokacin Makka ba. In mun idar da la'asar sai ya duba ya ce, yanzu ana kiran magariba a Harami, mu ɗaga hannu. Kai duk shekarun ga mi kake gani?"

Na karɓi agogon. Na zauna a tsakar gida na ce bari in mayar da shi da kaina. Na danna wannan, ya fara ƙirga gudu. Na danna wancan, ya kai ni wani gari da dare ya riga ya yi. Haka na sake tada mashin na koma Konni. Dattijon ya yi dariya har ya cire gilashin idonsa, ya mayar da shi kan Jidda, ya ce alhazai da yawa haka suke barinsa, da na tambaya a gida.

Ranar da ya koma kan ƙusa ya yi ƙit-ƙit, Inna ta ce a zubo mata tuwo.

Yanzu ita ma ta rasu, Allah ya jiƙansu duka. Agogon yana hannuna. Kafin in taɓa buta sai na cire shi na sa a aljihu. Ba na danna shi da jiƙaƙƙen hannu, ba na barinsa a rana, turare ma ba na bari ya taɓa robarsa. In lambobi suka fara dushewa, Konni nake kai shi kafin batir ya zubar da ruwa a ciki, kuma ina tsaye a kai har a mayar da zoben. Abokina kuwa ko kallonsa ya yi sai na sauke hannun riga.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka gyara kayan tsoho, ka tambaya ko ya lalace.

Har yau kusan kullum sai fasinja ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, agogonka ya yi gaba." Da ina bayani, yanzu na gaji. Sai in ce, "Na sani. Riƙe kayanka da kyau."