Ranar da surukata ta zaci mijina yana dukana

Shekarun baya, lokacin ina goyon 'yata ta fari a Kazaure, na jawo wa mijina baƙin jini a wurin mahaifiyarsa, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Yau bakina ya iya faɗa, amma wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Surukata a Gwiwa take zaune, Inna muke ce mata. Ranar ta zo mana da ɗanyar gyaɗa da ƙullin rama, ta zauna a tabarma tana yi wa jikarta wasa. Ni ina tsaye a jikin bango ina jiran ta gama cin abinci in kwashe kwanuka. Aka kira la'asar, mijina ya shigo da sauri, ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa da ke rataye a ƙusa daidai saman kaina. Ni hannu kawai na ga ya taso. Ban san lokacin da na zube ƙasa ba, na rufe kaina da hannu biyu ina cewa, "Don Allah ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba!"

Da na ɗago, ga mijina tsaye da hula a hannu, baki buɗe. Inna ta ajiye yarinyar a hankali ta dube shi.

"Au, abin da kake yi mata ke nan?"

"Inna, wallahi ban taɓa..."

"Rufe mini baki! Mace ba ta irin wannan durƙuson sai wadda ta saba."

Ta juyo gare ni ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya, yana dukanki?" Na ce a'a, kaina a ƙasa. Ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, har rufa masa asiri take yi." Ko kwana ba ta yi ba. Ya ce bari ya kai ta tasha, ta ce ƙafarta ba ta karye ba.

Inna ba ta yi kuskure ba, na saba ɗin. Sai dai ba a gidan ɗanta ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, aka kai ni riƙo gidan kawuna a Roni. A waje mutumin kirki ne, har sasanta rigimar mutane yake yi. A cikin gida kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma ba ka taɓa sanin laifinka: abin da ya yi wa dariya yau, gobe shi zai sa ya ɗauko igiyar guga. Daga takun takalminsa a zaure nake gane yadda ranar za ta kasance. To amma shi ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini kayan ɗaki. A wurinmu, ka buɗe baki a kan wanda ya riƙe ka, sunanka butulu. Don haka ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mijina. Na dai taso da ba da haƙuri kamar gaisuwa. Na taɓa yin tuntuɓe da turmi, ban ankara ba na ji ina ce masa yi haƙuri.

Magana ɗaya da na yi da ta wanke mijina, amma na kasa. Ina ji ina gani Inna ta kai ƙararsa wurin yayansa, yayan ya kira shi ya wanke shi tas. In ya je Gwiwa gaisuwa, da rabin baki take amsa masa, sai ya koma zaure ya zauna shi kaɗai kamar baƙo. In ya dawo gida, bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Abin da ya fi kashe ni, in zai wuce ta kusa da ni sai ya mayar da hannuwansa baya. Mutum a gidansa fa! Sai in shige kicin in yi ta kuka ina cewa hayaƙi ne.

Wata ƙawata nas ce ta ritsa ni, don ta ga na rame. Na ba ta labarin hular kawai. Ta ce akwai wata likita a Kano da ba ta ba da ƙwaya, magana kawai ake yi da ita. Na ce, "Ke, ni mahaukaciya ce?" Ta ce, "Wa ya ce? Ke dai je ki, in bai yi miki ba ki dawo ki zage ni." Mijina na ce masa likitar faɗuwar gaba zan gani, ya kai ni tasha bai tambaye ni komai ba. Maƙwabta kuwa olsa na ce musu. Har niƙabi na aro, ni da ban taɓa sa shi ba, don kada wani ɗan Kazaure ya gan ni a layin ganin likitar ƙwaƙwalwa.

Zuwan farko a bakin kujera na ɗosana, na fara da ba ta haƙuri wai zan ɓata mata lokaci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wa kika saba ba wa haƙuri haka?" Shi ke nan fa, kuka ya ƙwace mini, na jiƙa niƙabin mutane. A hankali ta fahimtar da ni cewa na bar gidan kawu, amma jikina bai san na bari ba, shi ya sa yake gudu tun kafin in yi tunani. Ta koya mini in gabana ya faɗi in taka ƙasa da kyau, in ja numfashi a hankali, in lissafo abubuwan da ke ɗakin don in tuna inda nake. Na ce a raina, yanzu wannan ne maganin? Ashe shi ne, sai dai yana son haƙuri da yawan komawa.

Wata rana ta ba ni aiki: in gaya wa mijina abu ɗaya da ba na so. Na yi ta juya maganar har ya shigo da ƙullin kifin dam kamar yadda ya saba. Na taka ƙasa, na ja numfashi, na ce, "Malam, ni fa ba na son kifi." Ya tsaya yana kallona. "Duk kifin nan da nake ta jido miki tun kina amarya?" Na ɗaga kai. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina tsaye ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo baya, washegari ya kawo nama.

Maganar Inna ce ta fi daɗewa. Na tambayi likitar ko faɗa wa Inna gaskiya butulci ne ga kawu. Ta ce, "Ya ciyar da ke, gaskiya ne. Ya cutar da ke, shi ma gaskiya ne. Ba sai kin goge ɗaya ba." Ba ta taɓa ce mini je ki faɗa ba, ni ce na wayi gari na ce wa mijina zan bi shi Gwiwa.

Muka je, ya gaishe ta ya koma zaure. Na samu Inna tana tsince wake, na durƙusa na gaya mata komai. Ta ajiye waken ta ce, "Innalillahi. Ke kuma sai kika bar ni ina gaba da ɗana a banza?" Ba faɗa ta yi mini ba, amma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo ni jikinta ta shafa kaina, sannan ta ƙwala wa mijina kira. Da ya shigo ta ce, "Ka yafe mini, na zalunce ka." Ya zube a gabanta yana cewa, "Haba Inna, haba Inna," hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin uwa ta roƙi ɗanta gafara ba sai ranar, kuma ni na jawo.

Yau da sauƙi sosai. Ina zuwa Roni da salla in gaishe da kawu, in tashi lokacin da na ga dama. Gabana yana faɗuwa jefi-jefi, amma na san abin yi, kuma na daina jin kunyar cewa na ga likitar ƙwaƙwalwa. Kunyar da ta ƙi barina ita ce ta watannin da mijina ya yi yana ɗauke da laifin wani.

A hanyarmu ta dawowa daga Gwiwa ranar nan, na ba shi labarin da bakina, na tambaye shi me ya sa bai taɓa matsa mini in wanke shi ba. Ya rage gudun mashin ya ce, "Tun ranar hular nan na san wani ya dake ki. Na ga Inna za ta iya jira, ni ma zan iya. Ke ce ban san ko za ki iya ba in na matsa."