Akwatin maganin da na sa wa kwaɗo

Majo, babban likitan garin Buza, ya buɗe akwatin, ni ko ina gefe ina hura hanci, ina jiran yabo.

Zamanin mulkin soja ne. Ƙauyenmu babu gidan likita, sai anka zaɓe ni, anka yi mani horon 'yan kwanaki, anka damƙa mani akwatin magani. Abu guda ya zauna mani a kai: kayan gwamnati ne, kuma za a zo dubawa. Sai na sa mashi kwaɗo. Mai zazzaɓi ya zo, in ce ya sha sabara. Mai ciwon ido, in ce Allah shi sawwaƙe.

Majo ya iske nibakin, maganin zazzaɓi, cike, ko ƙwaya ba ta ragu ba.

Ya ce, "Idi, wata shidda ba wanda ya yi ciwo garin ga?"

Gwaggona Hajo ta amsa daga bayan darni: "Mu dai mun jigata, likita. Jikana bisa jaki anka kai shi Buza. Amma akwatin Idi, alhamdu lillahi, lafiyarshi lau."

Ashe akwati nike jinya, ba mutane ba.

Ku gaya mani gaskiya: a gidan likitanku yau, wa ake jinya, ku ko akwati?