Tsuntsun da ban gani ba

Shekarun baya, bayan wani aikin Hajji da ya kusa tafiya da raina, maigidana ya kwashe mu zuwa hutu a wani tsibiri a ƙasar Jawa, wato Indunusiya. Wata a cikinku ta tambaye ni kwanaki me ya haɗa mai tuƙa tuwo a unguwar Ka'akiyya ta Makka da saka hotunan tsuntsaye. To ga inda abin ya samo asali, kuma ba wani abin burgewa ba ne a ɓangarena.

Sana'ata girki. Duk shekara ina dafa tuwo da masa a gida, 'yan uwanmu masu aikin gini da direbobi suna saya. In Hajji ya zo kuma sai in shiga aikin dafa wa alhazai abinci a Arfa da Mina. A waccan shekarar, ina tsaye a kan tukunyar shinkafa a Arfa sai na ga tantin yana juyawa. Ban sake sanin inda nake ba sai a asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ban samu barci da hutu ba, faɗuwa ta gaba za ta iya zuwa da shanyewar ɓarin jiki. Na ce to. Na karɓi magani na koma gida, washegari na ɗora tukunya.

Ba taurin kai ba ne kaɗai. Barcin ne ya ƙi ni. In na kwanta jikina ya yi laƙwas amma kaina yana kasuwa, yana sayen albasa, yana tuna wa ya ce a ajiye masa miyar kuka. Da rana kuwa ban iya zama ba. In na zauna sai in ji kamar wani abu yana ƙonewa a wani wuri.

Maigidana direban motar alhazai ne, kuma yana da wani aboki Bajawe da suka daɗe suna tuƙi tare. Abokin ne ya ce gidan iyayensa na nan a ƙauyensu ba kowa a ciki sai yayarsa, mu je mu sha iska. Aka yi ta zirga-zirgar takardu har aka gama. Muka tafi ni da maigidana da yaranmu uku da mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Sai na gaya muku wace ce Inna kafin ku gane sauran. Ta ƙare ƙuruciyarta da tsakiyar shekarunta a bakin titin Misfala, kusa da Harami, tana sayar wa alhazai alkamar da suke watsa wa tattabaru. Rana ta dake ta, ƙurar motoci ta shiga ƙirjinta, har gwiwoyinta suka ce sun gaji, muka zaunar da ita a gida. Mace ce marar yawan magana. In ta kalle ka ta yi shiru, gara ma a ce zaginka ta yi.

Tsibirin dai kyakkyawa ne, ba zan ci amanarsa ba. Ƙauyen yana gindin wani dutse mai aman wuta, kansa kullum da ɗan hayaƙi, in iska ta juyo sai ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasar wurin baƙa ƙirin ce, har yashin bakin teku. Gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu, kore shar, ruwa na gudu ta ko'ina. Mu da muka saba da duwatsun Makka waɗanda ko ciyawa ba sa yi, da farko sai muka tsaya muna kallo kamar ƙauyawa. Na tambayi yayar abokin maigidana, da ɗan Larabcin da take ji, ko dutsen ba zai tashi da mu ba. Ta yi dariya ta ce barci yake yi. Na ce a raina, to ya fi ni sa'a.

Duk macen da ta taɓa tafiya hutu da iyali ta san wurin aiki kawai aka canza mata. Yaran suka ɗanɗana abincin garin suka ture, wai akwai zaƙi a miya. Na shiga kicin ɗin mutane. Maigida yana son shayinsa yadda ya saba. Kaya ba sa bushewa saboda damshi, ƙaramin ya kwaso ƙaiƙayi a ƙafa, manyan biyu suna faɗa a kan waya da Larabcinsu mai sauri kamar ana soya gyaɗa. Ga masu cin tuwona a Makka suna ta aiko saƙo suna tambayar yaushe zan dawo. Barci kuwa yana nan inda na baro shi.

Ana cikin haka wata safiya Inna ta buɗe jakarta ta ciro gwangwanin madara cike da alkama. Ashe tun daga Makka ta cusa shi cikin zannuwanta. Ta ce ta ga tsuntsaye a bayan gida, tana so ta je ta gan su da kyau, in ɗauko tabarma in raka ta. Na ce ga wanke-wanke. Ta juya ta kalli maigidana, irin kallon nan nata. Nan take bawan Allah ya ce ai shi ma ya iya wanke kwano, mu tafi kawai.

A bayan gidan akwai siririyar hanya tsakanin gonaki, tana kai wa ga wata 'yar rumfar gora da manoma suke hutawa. Tafiyar ba nisa, amma da sandar Inna sai da muka daɗe. Na shimfiɗa mata tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta watsa alkama a kan kunyar da ke gabanmu kamar yadda ta yi shekara da shekaru. Muka jira. Ko ɗaya bai sauko ba.

Tsuntsaye kam akwai su. Ga balbelu can suna bin wasu manyan shanu baƙaƙe masu kwanciya a taɓo, Inna ta ce rabonta da ganin balbela a bayan saniya tun tana yarinya a gida. Ga kurciyoyi a kan bishiyar kwakwa, ga tsattsewa suna shawagi, ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu farin kai suna sauka kan shinkafa garke guda. Amma da na motsa sai su tashi fir. Ni kuwa motsi ba ya ƙare mini. In gyara mayafi, in kashe sauro, in leƙa waya, in miƙe in hango ko hayaƙin da nake gani daga kicin ne.

Inna ta ce, "Ke kike korar su. Tattabarun Harami ne ba sa gudun mutum, don sun san ba mai taɓa su. Waɗannan ba su san ki ba. Ba ni jawwal ɗin nan."

Ta karɓi wayar ta tura ƙarƙashin cinyarta. Ina da 'ya'ya uku, ina ciyar da ƙarti fiye da yadda zan iya tunawa, amma haka na zauna zuru kamar wadda aka kama tana satar nama.

Abin ya zama na kullum. Da an yi sallar asuba gari ya waye, sai in ji ƙwanƙwasar sandarta a bakin ƙofa. Mu je rumfa, ta watsa alkama, ta karɓe waya, mu zauna. Kaji ne kawai suke zuwa da yamma su cinye. Wata rana ta taɓa ni a hankali ta ce in duba kan turken can. Kafin in juyo daga kallon gida, abin ya tashi, sai walƙiyar shuɗi kawai na gani. Ta ce wani tsuntsu ne shuɗi mai dogon jan baki, ba ta taɓa ganin mai kyansa ba. Ya sake zuwa wata safiyar, ina sunkuye ina sosa ƙafa. Tun abin ba ya damuna har ya fara ba ni haushi, na ƙudurta sai na gan shi kafin mu bar garin.

Amma gajiya ta fi ƙudurin ƙarfi. Wata safiya da kaina yake sarawa kamar ana daka a ciki, na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, likita cewa ya yi in huta, ba in zo gadin gonar mutane ba. Wallahi ni ta'abana ce, na gaji."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "To huta mana. Wa ya riƙe ki?"

Na ji kamar in yi kuka don takaici. A ganina a lokacin, tsohuwa ce da kewar sana'arta ta dame ta, ta rasa wanda za ta ja sai ni. Na ci gaba da raka ta ne kawai don uwa ce.

Ana jibi za mu tafi, aka tashi da yayyafi. Na so in fake da shi, Inna ta ce ai rumfar tana da rufi. Muka je. Gari ya yi sanyi, hazo ya rufe kan dutsen, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a kan ganyen ayaba da kukan kwaɗi. Ta juye sauran alkamar duka. Na zauna kusa da ita, na ce yau ko sauro zai cinye ni ba zan motsa ba sai na ga shuɗin nan. Na kafa wa turken ido. Ina tuna na ji wuyana ya yi nauyi, na ɗan jingina da kafaɗarta. Ina tuna hannunta ya ja kaina zuwa cinyarta, kamar yadda take yi in za ta yi mini kitso ina ƙarama.

Kiran sallar azahar daga masallacin ƙauyen ne ya tashe ni. Rana ta fito, ƙasa har ta fara bushewa. Na daɗe ban san inda nake ba, kuma a karon farko cikin watanni kaina shiru, ba kasuwa a ciki. Na dubi kunyar, babu ƙwayar alkama ko ɗaya, sai sawun 'yan ƙafafu a taɓo, har da kashin tsuntsu a gefen tabarmarmu.

Inna ta ce sun zo. Kurciyoyi suka fara, sai masu farin kan nan, har ɗaya ya taka bakin zanena. Shuɗin ma ya zo, bai ci alkama ba, ya dai zauna a kan turken rumfar nan dab da mu, ya daɗe yana gyara fiffike.

Na ce, "Haba Inna, shi ne ba ki tashe ni ba?"

Ta ce in kama ta ta miƙe. Na kama ta, ƙafar ta ƙi. Gwiwar ƙafar da na kwanta a kai ta kumbura ta yi tsami, tun safe ba ta motsa ta ba. Sai da na ruga gida na kira maigidana, shi da wani maƙwabci suka ɗauko ta a kan kujera. Na tarar da yara sun ci taliyar da ubansu ya dafa ta caɓe, kuma ba wanda ya mutu.

Da yamma ina shafa mata man zafi ina yi mata faɗa, ina cewa a kan tsuntsu za ta nakasa kanta. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ni da na ƙare rayuwata cikin kashin tattabaru, sai na hau jirgi na ƙetare teku don in kalli tsuntsu? Na ƙoshi da tsuntsu. Na ga in dai kina jin motsin tukunya ba za ki runtsa ba, kuma in na ce ki kwanta ba za ki ji ba. Ni ba zan iya tsayawa a kan gadonki a mustashfa, gaban likitoci, karo na biyu ba."

Na ci gaba da shafa man, hawaye na ɗiga a kan gwiwar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar na warke ba. Mun dawo Makka, tukunya na jirana. Amma na daina karɓar aikin Arfa, na kuma koyi kashe waya bayan azahar in kwanta, ko duniya za ta tashi. Jinin ya sauka a hankali. Inna ba ta ƙara taka ƙafar nan daidai ba, da keken guragu muka shigar da ita jirgi, kuma har ta bar duniya in na tayar da maganar sai ta ce dama can gwiwar ta lalace. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Har yau ina gajiya, irin gajiyar da ba ta jin magani. In ta yi yawa nakan fita da sassafe in sami wuri a bayan gari in zauna, in ga abin da zai sauko in ban motsa ba. Hotunan da kuke gani ke nan. Shuɗin mai jan baki kuwa ban taɓa ganinsa ba, kuma na ƙi nemansa a waya duk da yarana sun ce abu ne mai sauƙi. Wani lokaci ma nakan yi shakkar ko ya zo ranar. Ko ya zo ko bai zo ba, na yi barci tun safe har azahar, kuma tun da Inna ta rasu ban sake samun wanda zai bar ƙafarsa ta mutu don kada in farka ba.