Baƙin rinin da Hajiya Luba ta raba

Luba ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina wanke kofunan shayi. Ɗiyarta Hadiza ce ta kira, ta ce, "Inna Rabi, Mama ta cika." Na ce mi? Ta sake faɗi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai ta kafin azahar. Yanzu na dawo daga gidan makokin, ko hijabi ban tuɓe ba.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun ga. Amma don girman Allah ku karanta har ƙarshe, musamman mata. Ba ta'aziyya kaɗai ta sa na ɗauki waya ba, akwai abin da ke yawo cikin gidajenmu yanzu haka.

Ga wanda bai san ta ba, Hajiya Luba mai atamfa nake nufi, wadda rumfarta ke jingine da tawa a kasuwar Illela. Ita atamfa, ni hijabai da mayafai. Tun ɗiyanmu na goye muke zaune wuri guda.

Matar nan ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. Goro guda sai ta ɓare shi. In ta ƙetara iyaka zuwa Konni sari, ba ta dawowa hannu sake, ko biskit ne sai kowa ya samu nashi a layinmu. Ƙyallen da ya saura bakin turmi ba ta sayar da shi, matan ƙauyen Garu da na Gidan Katta take ajiye wa su yi wa jarirai riga. Shekarar da maigidana ya kwanta asibiti, ita ta riƙa buɗe mini rumfa tana rufewa, ba ta taɓa tada zancen ba.

Amma kanta? Hmm.

Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, Luba ta manta akwai wani abu wai shi madubi. Hijabi guda gare ta mai ruwan ƙasa, har yunifom muke ce masa. Tana zaune cikin atamfofin da matan manya ke rububi, ita kuwa zanen jikinta ya koɗe har ba ka gane zanen da ke kai. In na yi mata tsiya ta ce, "Rabi, wanzami ba ya son jarfa."

Bara anka yi bikin autarta. Anka sa hoton iyayen amarya a waya, wata can da ba ta san mu ba ta rubuta ƙarƙashi: Allah ya ja kwanan kakar amarya.

Luba ta miƙo mini wayar. "Karanta min wanga."

Na karanta. Ta yi dariya, ni ma na yi. Can ta ce, "Kaka wai. Ni da ban cika hamsin ba."

Ta jima tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Na ƙare renon ɗiya. Saura in reni kaina."

Wallahi ta yi. Ta yanko turmi daga cikin masu tsadar ta kai wa tela. Ta koyi ɗaurin ɗankwali a bidiyo, ta zo tana gwadawa bayan rumfa, yana zamewa muna kwasar dariya. Ta koma sa kwalli. Ta riƙa zuwa kitso a kan kari, ta daina barin kai ya yi wata yana dunƙule. Yunifom kuwa ni da kaina na musanya mata shi da hijabi mai ruwan toka da wani shuɗi, na ce in na sake ganin tsohon sai na ƙone shi.

Masu albasa na bayanmu sunka fara: "Hajiya, ko dai?"

Ta ce, "Ko dai mi? Ku ji da albasarku."

Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta shekarar nan ba. Ina faɗin haka da ƙarfi, don na san akwai masu jiran su ce ga abin da son ƙuruciya ke jawowa. Duk wanda ya zo mini da wannan zance ƙarƙashin rubutun ga, zan goge shi in toshe shi, ko waye. Mace ta yi shekaru tana wahalar ɗiya, ranar da ta ce bari ta gyara jikinta ba ta yi laifin komi ba.

Abu guda ya tsaya mata a rai, furfurar gaban goshi. Ta sa lalle, gashin ya koma ja, ta ce ta zama jar akuya. Daga nan wani mai tallar kayan ƙawa, irin masu shimfiɗa buhu ranar kasuwa su ɓace, ya sayar mata da wani abu baƙi ƙirin, dunƙule awa gawayi amma mai nauyi. Babu kwali, babu suna, babu rubutu. Ya ce a daka a kwaɓa da lalle, gashi zai koma na budurwa.

Ta gwada kaɗan a gaban goshi, makonnin baya. Ya yi baƙi sumul, bai yi mata komi ba. Ku riƙe wannan.

Ran Asabar ganina da ita na ƙarshe. Na biya gidanta da la'asar karɓar saƙo, ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta ture ɗankwali ta ce, "Duba nan. Ina kakar amarya?"

Na ce ta gudu.

Ta ɗauko dunƙulen daga ƙarƙashin gado, ya kai girman sabulun wanki. Ta ɓantaro mini, ta ƙulle a leda, ta cusa mini a jaka. Ta ce, "Ga na Sallah. Kar ki gaya ma kowa, ke kaɗai na ba. Furfura ba a tallarta."

Ta rako ni har zaure tana cewa in gaida yara. Shi ke nan.

Nawa yana nan cikin jaka. Mai kitsona sai jajiberin Sallah za ta samu lokaci, abin da ya tsare ni ke nan. Ba dabarata ba ce.

Abin da Hadiza ta gaya mini yau shi ne, ran Litinin Mama ta shafe kai duka. Kafin magariba ta fara susa. Washegari fuska ta kumbura, idanu sunka rufe. Ta ɗaure kai tamau ta ce haƙori ne, ta hana a kira kowa, har ni, wai kar a gan ta haka. Ni kuwa da na ga rumfa rufe na kira, anka ce ba ta jin daɗi tana barci, na ce a gaishe ta.

Sai da numfashi ya fara gagara sannan sunka kai ta asibiti. Can nas ta kwance ɗankwalin, anka ga fatar kai duk ta tashi tana ruwa. Anka tura su Sakkwato. Likita ya tambayi abin da ta shafa, Hadiza ta kwatanta masa. Ya ce ya sha ganin irin haka, sau da yawa karon farko ba ya nuna komi, sai an sake jiki ke tashi gaba ɗaya, maƙogwaro ya toshe.

Hadiza ta ce kafin Mama ta cika ta yi ta son magana. Ta nuna kanta, ta nuna ƙofa, ta sake nuna kanta. Murya ba ta fita. Sunka zaci ruwa take so.

Ni ma da na ji ban gane ba, sai a gidan makoki.

Muna zaune cikin mata, Hajiya Asabe mai taliya ta matso ta raɗa mini, "Rabi, gaskiya ne abin kai ne? Don ta ba ni wani abu, ta ce ni kaɗai ta ba."

Na kama hannunta. Na ce kin shafa? Ta ce a'a, gobe ta so. Na ce kawo shi yau, kar ki bari ko yaro ya taɓa.

Na tashi na ja Hadiza ɗaki, na ce nuna mini sauran. Ta laluba ƙarƙashin gado ta fiddo ledar. Abin da ya rage bai kai goro ba.

Jama'a, na ga dunƙulen nan da idona ran Asabar. Kai guda ba ya cinye shi, ko da an haɗa da nawa da na Asabe. Ran Lahadi kuma kasuwa ta ci, ni ban samu fitowa ba, amma an ce Luba ta wuni a rumfa, matan ƙauye na shiga suna fita, na Darna, na Garu, na Gidan Katta, har da na ƙetare. Kun san hannunta. Duk wadda ta leƙo da furfura a goshi, na rantse ba ta fita haka nan ba. Kuma kowace an ce da ita ta yi shiru, ta kuwa yi, don babu macen da ke son a san tana rini.

Sallah saura kwanaki kaɗan. Makon nan ne kowa ke tsefe kai.

Da na fito ɗakin na so in yi magana cikin taro, sai anka ce Malam na kirana zaure. Yayan Luba ne, mai makarantar unguwarsu, shi ya karantar da ɗiyana duka. Ya ce, "Rabi, na ji kina bincike. Ajali ne. Ki rufa mata asiri. So kike a ce ƙanwata ta mutu garin baƙin rini, abin da nake hana matan unguwa a wurin karatu?"

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma na raye fa?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah shi ne mai tsarewa," ya juya ga masu gaisuwa.

Ban ga laifinsa ba, ƙanwarsa ya binne da hannunsa. Malam, in wannan ya iske ka, ka gafarce ni. Ban taɓa ƙetare maganarka ba sai yau.

Hadiza ce ta biyo ni bakin ƙofa ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Inna, ki rubuta. Da Mama na iya tashi, da ƙafarta za ta bi gida gida tana karɓa. Shi ne ƙofar da take nunawa."

To na rubuta.

Duk wadda Luba ta ba wani baƙin abu a ƙullin leda, kar ki daka, kar ki kwaɓa, kar ki shafa. Ko kin taɓa gwadawa lafiya, kar ki sake. Kar ki jefa a bola awaki ko yara su ɗauka. Ki kawo mini rumfa, ki ajiye ƙarƙashin hijaban kamar mai taya kaya. Ba zan ɗaga kai in dube ki ba, balle in faɗi sunanki. In kuma kin riga kin shafa, ki wanke yanzu, ki kama hanyar asibiti ko ba ki ji komi ba, ki gaya musu gaskiya. Kunya ce ta ɗaure kan Luba har lokaci ya ƙure.

Maza, ku tambayi matanku da iyayenku mata, da lalama. In kunka tambaya da faɗa za a ce muku babu.

Masu zuwa Konni da masu babur na hanyar ƙauye, ku kai maganar da baki. Yawancin matan nan ba su da irin wayar ga.

Akwai kuma wadda ta hana ni sukuni. Ɗazu cikin masu gaisuwa akwai wata baiwar Allah mai koren hijabi, doguwa, ta zauna kusa da randa. Ban san ta ba. Tun da ta zauna hannunta ke cikin hijabi tana susar bayan kunne, ta daina, ta koma. Na lura fatar idonta ta yi nauyi, na ɗauka kuka ne. Sai da Asabe ta yi mini raɗa abin ya faɗo mini. Kafin in fito daga wurin Malam matar ta tafi. Na tambaya, wata ta ce da ayarin Gidan Katta ta zo, wata ta ce a'a, daga ƙetare take. Babu wanda ya san sunanta.

Baiwar Allah, ko wanda ya san ta, don Allah kar a bari ta kwana a gida yau.

Ya Allah, ka jiƙan Luba. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Da alheri ta bayar, kai ne shaida, kar ka kama ta da abin da ba ta sani ba. Ka ba Hadiza da ƙannenta da Malam haƙurin rashinta.

Ku da kuke karantawa, ku yi mata Ƙulhuwallahu, ku sa ta cikin sujada. In kun gama, ku ƙara addu'a guda ga matan da ta ba. Ita kaɗai ta san sunayensu, kuma mun rufe ta ɗazu.