Yadda Aka Zaunar da Inna Asama'u

Shekara talatin Inna Asama'u, yayar mahaifiyata, tana ɗauko ƙwaryar nono daga rugarsu ta bayan garin Zakka zuwa kasuwar Safana a ƙafa, ko targaɗe ba ta taɓa yi ba. Siririya ce mai saurin tafiya. Mukan bi ta a baya muna haki, tana mana tsiya wai shinkafa ta kashe mana ƙafafu.

Da ciwon daji ya kama cikinta aka yi mata aiki a Katsina, aka cire fiye da rabin tumbin. Ni na yi jinyarta, don haka a kunnena likita ta yi bayani. Ta ce bayan irin wannan aiki abinci ba ya ratsa jiki kamar da, ƙashi yakan yi rauni. Bayan ƙwayoyin da ta rubuta, sai Inna ta riƙa tattaki kullum, ta sha hantsi, ta ci abinci kaɗan-kaɗan.

Sai Hashimu, ɗanta na fari, dillalin shanu a Batsari, ya ɗauke ta zuwa gidansa. Ya sa mata gado da fanka, ya ce ko buta kada a bari ta ɗaga. Na maimaita masa maganar likita.

"Jannat," ya ce, "so kike a gan ta tana gantali a titi da ɗinki a ciki, a ce ba ta da 'ya'ya?"

Na koma na ce, "Inna, ke ki gaya masa mana."

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa don kunya, balle ta zauna ta yi musu da shi.

"Ƙyale shi," ta ce. "Alheri yake nufi."

Shekara ɗaya da rabi tana ɗakin nan. Masu dubiya suna shiga suna fita suna sa wa Hashimu albarka, ni kuwa raina yana ɓaci, don ina ganin ƙafafunta suna tsotsewa. Sau biyu na fitar da ita ƙofar gida da rana, a na biyun Hashimu ya aiko a ce mini in ba zan iya barin tsohuwa ta huta ba, in daina zuwa. Haushin kaina ma nake ji, don na yi zuciya na daina ɗin.

Wata Laraba ta sauko za ta yi alwalar azahar, santsin siminti ya kwashe ta. Faɗuwar da a da sai dai ta karkaɗe zane ta miƙe, ita ta karya mata ƙugu.

A asibiti likitan ƙashi ya ɗaga hoton ƙugun da aka ɗauka, ya ce ƙashin ya zama kamar busasshen kara, da wuya ta sake takawa. Ya tambaya ko tana motsa jiki tun bayan aikin.

Hashimu ya gyara hula. "Ko kusa, likita. Wallahi ko tsakar gida ba mu taɓa barin ta ta taka ba."

Inna tana jin sa. Ta juya fuskarta bango.